Ritwik Ghatak: Daraktan Da Ya Mayar Da Dandamali Wurin Zaman Makoki



Ina da wani Kawu da ba a kallon fim ɗin Indiya a gabansa a zauna lafiya. Tsohon ɗan sinima ne tun zamanin Plaza da Marhaba, kuma duk fim ɗin da ka kunna sai ya gaya maka inda aka ɗebo labarinsa. Wata rana muna kallon Om Shanti Om na Shah Rukh Khan, an zo ƙarshe, wurin da aka shirya wata yarinya mai kama da marigayiya don a tsorata bos ya tona wa kansa asiri, ashe fatalwar ce da kanta ta zo. Ni na saki baki ina kallo. Kawu kuwa tsaki ya ja, ya ce wai wannan ai Madhumati ne aka sake wa riga, kuma tun 1958 su Dilip Kumar da Pran suka gama wannan wasan.

Na ɗauka cika baki ne irin na manya, sai na nemo fim ɗin. Ashe gaskiyar Kawu ce. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne sunan wanda ya rubuta labarin: Ritwik Ghatak. Ban taɓa jin sa ba. Kawu ma, duk da saninsa, shiru ya yi. Daga nan na shiga bin sawun mutumin nan, kuma har yau ban dawo ba.

Bari in faɗa muku tun da wuri, fina-finansa ba irin waɗanda aka saba fassara mana ba ne. Da harshen Bengali ya yi su, duka baƙi da fari, babu faɗa, babu rawa a kan dusar ƙanƙara. Guda 8 kacal ya kammala a rayuwarsa. Amma in kana da wani rashi da ka haɗiye ba ka yi kukansa ba, to ka gyara zama.

Yaron bakin kogi

An haife shi a birnin Daka ranar 4 ga Nuwamba, 1925, lokacin Turawan Ingila na mulkin Indiya. 'Yan biyu ne shi da 'yar'uwarsa Pratiti, kuma su ne autoci. Mahaifinsu, Suresh Chandra Ghatak, majistare ne, yana kuma taɓa rubuta waƙe da wasan kwaikwayo. Gidan littattafai ne: yayansa Manish marubuci ne, 'yar Manish ɗin kuma ita ce shahararriyar marubuciyar nan Mahasweta Devi.

Yawancin ƙuruciyarsa a garin Rajshahi ya yi ta, a bakin kogin Padma. Yankin Bengal ƙasar ruwa ce: koguna, kwale-kwale, gonakin shinkafa, da matuƙa jirgi masu jan waƙa da doguwar murya. Hindu da Musulmi harshensu ɗaya, waƙoƙinsu ɗaya. Ku riƙe wannan kogin a ranku, don za mu sake haɗuwa da shi.

Masifa biyu ta same shi tun yana saurayi. Ta farko yunwar 1943 ce, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ta kashe mutum miliyan 2 zuwa 3 a Bengal. Manoma suka kwararo birnin Kalkata suna mutuwa a bakin titi. Ba shinkafa ma suke roƙo ba, ruwan da aka tsiyaye daga dafaffiyar shinkafa suke roƙo.

Ta biyu ta zo a 1947, da Turawa za su tafi aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan. Wani lauya Bature, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka Indiya ba kafin nan, shi aka ba wa kamar mako 5 ya ja layin iyaka. Layin ya tsaga Bengal a tsakiya. Yamma ta zauna a Indiya, gabas ta zama Pakistan ta Gabas. Daka da Rajshahi duk suka faɗa gabas, su Ghatak kuwa Hindu ne, zamansu ya koma yamma. Yana ɗan shekara 21 garin da ya tashi ya zama ƙasar waje. Miliyoyin mutane suka tsallaka ta kowane ɓangare. A tashar jirgin ƙasa ta Sealdah da ke Kalkata, iyalai suka riƙa kwana a ƙasa wata da watanni, wasunsu jiya-jiya masu gona da gida ne.

A nan ne na fahimci mutumin. Mu a wurinmu in aka yi rasuwa akwai tsari. A shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mutane su zo su zauna, a yi addu'a, a yi ta'aziyya, kowa ya ba da labarin mamaci. Baƙin cikin yana da wurin zama, yana da kwanakinsa. To wanda ya rasa gari fa? Wa zai zo ya yi masa gaisuwa? Garin yana nan bai mutu ba, shiga ne kawai ba za ka iya ba. Duk wanda rikici ya taɓa kora daga garinsu ya san wannan ciwon ba sai an yi masa bayani ba. A ganina, duk aikin Ghatak neman wurin da za a shimfiɗa tabarmar wannan makokin ne.

Dandamali kafin kyamara

Wuri na farko da ya samu shi ne dandamalin wasan kwaikwayo. A 1943 aka kafa wata ƙungiya da ake kira IPTA, ta 'yan wasa da mawaƙa masu ra'ayin gurguzu, waɗanda ke kai wasa wurin talakawa, har suna zagaye garuruwa suna tara wa masu yunwa taimako. Wasansu mafi shahara shi ne Nabanna na Bijon Bhattacharya, wanda aka fara nunawa a 1944, a kan manoman da yunwa ta koro birni. Babu wani ado a dandamalin, buhunhuna aka rataya a baya. Mutane suka zauna suna kallon abin da suka gani da idonsu a titi shekara guda kafin nan, amma wannan karon a tare suke kallo.

Ghatak ya rubuta wasansa na farko, Kalo Sayar, a 1948, ya shiga cikin waɗanda suka sake ɗora Nabanna, daga baya ya zama cikakken ɗan IPTA. Shi ne rubutu, shi ne fitowa, shi ne ba da umarni. Ya fassara wasannin Brecht na Jamus da Gogol na Rasha zuwa Bengali. Ya kuma rubuta Dalil, a kan waɗanda rabon ƙasa ya raba da gidajensu.

To me ya kai shi fim? Lissafi ne. Ya sha bayyana cewa a dandamali komai ƙoƙarinka dubbai za ka tara, fim kuwa miliyoyi ke kallo. Kyamara ba ta taɓa zama masoyiyarsa ba, hanya ce kawai ta isar da saƙo. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, don namu ma daga ƙungiyoyin dirama aka faro. Ƙungiyar Tumbin Giwa ce a Kano ta yi Turmin Danya a 1990.

Fim ɗinsa na farko da ya kammala shi ne Nagarik, a 1952, labarin wani saurayi mai neman aiki a Kalkata da iyalinsu da talauci ke ci a hankali. Da ɗan kuɗi kaɗan da taimakon abokai aka yi shi, ba babban kamfani a baya. An gama fim, aka rasa yadda za a fitar da shi. Ya kwanta a gwangwani shekara 25, sai a 1977 aka haska shi, mai shi yana ƙasa. Ku lura fa, ya riga Pather Panchali na Satyajit Ray da shekara 3, fim ɗin da ya kai sunan Indiya duniya a 1955. Ray ya samu suna, Ghatak ya samu bashi.

A 1955 ɗin dai jam'iyyar gurguzu ta kore shi, bayan ya rubuta musu doguwar takarda yana sukar yadda suke tafiyar da harkar al'adu. An raba shi da gari, yanzu kuma an raba shi da ƙungiya. A shekarar ce kuma ya auri Surama, ita ma 'yar gwagwarmaya ce.

Sai ya tafi Bombay neman abinci. Ya yi aiki a kamfanin Filmistan, ya rubuta wa Hrishikesh Mukherjee fim ɗin Musafir na 1957, ya rubuta wa Bimal Roy Madhumati, wanda ya kwashe kyautar Filmfare har 9. Da wani ne da shi ke nan, ya samu wurin zama. Shi kuwa tattara kayansa ya yi ya koma Kalkata. A 1958 ya fitar da Ajantrik, labarin wani direban tasi da tsohuwar motarsa ƙirar Chevrolet wadda yake ƙauna kamar mutum, har ranar da aka sayar da ita a matsayin ƙarfen jari. Ustad Ali Akbar Khan ne ya yi kiɗan. Ko a kan mota ma, labarin rabuwa ya bayar.

Tauraruwar da gajimare ya rufe

Wannan ita ce ma'anar Meghe Dhaka Tara, fim ɗinsa na 1960, kuma shi ne wanda ya fi yi masa kasuwa. Jarumar, Supriya Choudhury, ta fito a matsayin Nita, 'yar wani gidan 'yan gudun hijira a gefen Kalkata. Uba tsohon malami ne da ƙarfinsa ya ƙare. Yayanta Shankar ba ya komai sai koyon waƙa a gindin bishiya. Ƙanne biyu kowa da buƙatarsa. Nita ce ke koyar da yara ta kawo kuɗi, daga baya ta ajiye karatunta ta kama aikin ofis. Saurayinta ya gaji da jira ya auri ƙanwarta, kuma uwar ba ta hana ba, don in Nita ta yi aure wa zai ciyar da gida? A ƙarshe tarin fuka ya kama ta, tana ɓoye jinin a ƙyalle.

Masu son sauti, ku saurari fim ɗin nan da abin kunne. Lokacin da Nita ta gane saurayinta ya ci amanarta, tana saukowa daga bene, ba kiɗan tausayi aka sa ba. Ƙarar bulala ce, tsal, tsal, alhali babu mai bulala a wurin. Akwai kuma waƙoƙin gargajiya irin waɗanda uwa ke yi wa 'yarta ranar da za ta bar gida, ana jin su a kan yarinyar da ba za a taɓa kai ta ɗakin miji ba.

A ƙarshe tana asibitin masu tarin fuka a kan tsaunukan Shillong. Shankar, wanda yanzu ya zama babban mawaƙi, ya zo duba ta yana ba ta labarin yadda gida ya gyaru, har an ɗora bene. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga murya ba tun farkon fim sai ta ƙanƙame shi ta fashe da kururuwa tana gaya masa ita fa tana son ta rayu. Kyamara ta juya kan tsaunuka, muryar tana amsa kuwwa. A farkon fim igiyar takalminta ta tsinke a hanya. A ƙarshensa Shankar ya ga wata yarinyar daban, ita ma takalminta ya tsinke, ta ja ƙafa ta wuce. Wato gobe ma akwai wata Nita.

Bari in faɗi dalilin da ya sa na daɗe a nan. Bayan rasuwar Baba, Yayarmu ce ta ajiye karatu ta kama ɗinki, da keken nan ta biya mana kuɗin makaranta. Ta daɗe tana ciwo tana cewa gajiya ce, mu kuma muka yarda, don yardar ta fi mana sauƙi. Da ta rasu, kwana uku ina shimfiɗa tabarma ina raba ruwa ina amsa gaisuwa, ko ɗigon hawaye ban yi ba. Har yaba min aka yi wai na yi tawakkali. Sai bayan watanni, cikin dare, ina kallon fim ɗin nan a waya, kururuwar Nita ta fasa abin da ke ƙirjina. Wallahi sai da na toshe bakina da filo don kada Umma ta ji. Mutumin da ba addininmu ɗaya ba, ba harshenmu ɗaya ba, wanda ya mutu tun ba a haife ni ba, shi ya shimfiɗa min tabarmar da na kasa zama a kai.

Fim a kan 'yan dirama

Da ya ɗan samu kuɗi, sai ya zuba su a fim ɗin da ya fi kusa da zuciyarsa, Komal Gandhar, na 1961. Sunan ma na wata gaɓa ce a ma'aunin kiɗan Indiya. Jyotirindra Moitra, tsohon ɗan IPTA wanda ya yi kiɗan Meghe Dhaka Tara, shi ya yi na wannan ma.

Fim ɗin a kan dandamali ya buɗe. Wani tsoho ya cika fuskar allo yana tambayar dalilin da zai sa ya bar ƙasarsa da koginsa. Sai daga baya ka gane wasa ake yi, kuma saurayi ne ya yi shigar tsoho. Sunansa Bhrigu, shugaban wata ƙungiyar dirama mai suna Niriksha. Akwai kishiyarta, Dakshinapath, da asali abu ɗaya ne suka rabe. Anasuya, wato Supriya Choudhury dai, 'yar ɗaya ƙungiyar ce, amma ta tsallako ta yi wasa da su Bhrigu. Aka yi ƙoƙarin haɗa ƙungiyoyin biyu su ɗora tsohon wasan nan Shakuntala, sai hassada da gulma da rigimar kuɗi suka shiga, har aka yi wa wasan zagon ƙasa a gaban 'yan kallo. Duk wanda ya taɓa zama a ƙungiyar dirama, ko ta makaranta ce, zai yi dariya ya ce ai ya san mutanen nan.

Amma akwai wata fitowa da ba na mantawa. Ƙungiyar ta je wasa garin Lalgola, a bakin Padma. Kun tuna kogin? Bhrigu da Anasuya na tsaye a inda layin dogo ya ƙare. Da can jirgin ƙasa na kawo mutane nan su hau jirgin ruwa su tsallaka gida. Yanzu an kafe ƙarshen layin da katako, tsallaken ruwa wata ƙasa ce. A nan ne su biyun suka gane ashe daga can suke dukansu, kowa ya buɗe wa ɗan'uwansa cikinsa. Sai kyamara ta bi layin dogon a guje, muryoyin mata na tashi, ta je ta daki katakon, allo ya yi baƙi.

Abin da fim ɗin ke faɗa, a fahimtata, shi ne iyakar ba za ta ɗinke ba, amma mutanen da ta yanka za su iya ɗinkewa da juna. Kuma a wurin gwajin wasa suke yin haka, inda dole ka saurari wani kafin ka yi magana, dole ka riƙe masa fitila shi ma ya riƙe maka. Ghatak ya cika fim ɗin da tsofaffin waƙoƙin biki na Bengal, kamar yana ɗaura wa gabas da yamma aure a cikin sauti tunda a ƙasa abin ya gagara. Anasuya tana da wanda ke jiran ta a Faransa, amma ta zaɓi zama. Cikin fina-finansa uku na rabon ƙasa, wannan ne kaɗai ya ƙare da farin ciki.

To, sai fim ya faɗi warwas. 'Yan kallo ba su zo ba, tsofaffin abokan tafiyarsa da yawa kuma suka ga kamar asirinsu ya tona, suka juya masa baya. Na ukun, Subarnarekha, a 1962 ya ɗauke shi amma sai 1965 ya fita. Labarin wa da ƙanwa ne 'yan gudun hijira da rayuwa ta raba, ta sake haɗa su a mummunan yanayi. Shi kam ba na ba mai raunin zuciya shawarar ya fara da shi. Bayan nan furodusoshi suka daina ɗaukar kiransa, shi kuma ya faɗa shan giya gadan-gadan.

A tsakiyar shekarun 1960 ya koyar na ɗan lokaci a makarantar koyon fim ta gwamnati da ke Pune. Cikin ɗalibansa akwai Mani Kaul da Kumar Shahani, akwai Subhash Ghai mai Karz da Khalnayak, akwai kuma John Abraham. Ba jarumin Dhoom ba fa, wani darakta ne ɗan jihar Kerala, wanda daga baya ya bi ƙauyuka yana tara taro da sisi daga hannun talakawa ya yi fim ɗin Amma Ariyan a 1986.

Wasa a asibitin masu taɓin hankali

A 1969 giya da damuwa suka kai shi asibitin masu taɓin hankali a Kalkata. Nan ne abin da ya fi ba ni mamaki a tarihinsa ya faru. Yana kwance a matsayin majinyaci, ya rubuta wasa mai suna Sei Meye, a kan wata mace da hankalinta ya taɓu. Ya tara majinyata da ma'aikatan asibitin ya raba musu rol, suka yi gwaji, suka ɗora wasan a cikin asibitin.

Ku ɗan tsaya ku yi tunanin abin. Mutumin da danginsa suka kawo suka ajiye, wanda ba a tambayar ra'ayinsa a kan komai, yau an ce masa ƙarfe kaza ana jiran sa, in bai zo ba wasa ba zai yiwu ba. An ba shi magana ya haddace. Abin da ke cin sa, wanda in ya faɗa da bakinsa za a ce ciwon ne ya motsa, yanzu zai faɗe shi da bakin wani, a saurare shi, har a tafa masa. Likitan da ke ba shi magani yana tsaye a gefe yana jiran layinsa kamar kowa. Maganin da ke cikin wasan kwaikwayo ke nan. Ba ya goge abin da ya faru, amma yana fitar da mutum daga kaɗaici.

Sai dai ba zan yi muku ƙarya ba, shi kansa bai warke ba. Ya fito ya koma wa kwalba. Matarsa Surama ta kwashe yaransu uku ta koma wani gari ta kama koyarwa don ta ciyar da su. Wannan ne ɓangaren da ya fi min ciwo: mutumin da ya nuna wa duniya Nita, sai ga shi ya mayar da matarsa Nita a cikin gidansa. Ina ƙaunar aikinsa, amma ba zan wanke shi a nan ba. Kuma 'yan'uwa masu sha'awar harkar nan, kada wani ya ruɗe ku cewa shaye-shaye ne ke kawo basira. Manyan fina-finansa uku tsakanin 1960 da 1962 ya ɗauke su. Bayan da giya ta ci ƙarfinsa, sai da ya yi shekara 10 bai kammala babban fim ba, ga tarin waɗanda ya faro ya bari a hanya.

Komawa gida a makare

A 1970 gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girma ta Padma Shri. A 1971 Pakistan ta Gabas ta ɓalle bayan yaƙi ta zama Bangaladash, hanya ta buɗe. Wani matashin furodusa na can, Habibur Rahman Khan, ya gayyace shi, ya je ya yi Titash Ekti Nadir Naam, wanda ya fita a 1973. Daga littafin Adwaita Mallabarman aka ɗauko shi, labarin masunta ne da koginsu ke ƙafewa, al'ummarsu na watsewa. Ustad Bahadur Khan ne ya yi kiɗan. A ƙarshen fim wata mace na tona yashi a busasshen kogi tana neman ruwan sha. Bayan shekara 25 ya samu komawa ƙasar ƙuruciyarsa, kuma abin da ya ɗauka a can shi ne kogi yana mutuwa. Ana cikin aikin tarin fuka ya kwantar da shi, ciwon da ya ɗora wa Nita.

Fim ɗinsa na ƙarshe, Jukti Takko Aar Gappo na 1974, ma'anarsa hujja da gardama da labari. Shi da kansa ya fito a matsayin Nilkantha, wani ɗan boko mashayi da matarsa ta kwashe ɗansu ta tafi tun a fitowar farko. Ɗansa na cikinsa ne ya fito a ɗan. Bai ƙawata kansa ba ko kaɗan, ya tsaya gaban kyamara da ramarsa da kwalbarsa. Nilkantha ya yi ta yawo da wasu marasa galihu, har ya kwana a daji yana gardama da samari 'yan tawaye, da safe harsashin 'yan sanda ya same shi. Fim ɗin ya ci kyautar ƙasa ta labari mafi kyau, amma bai shiga sinima ba sai 1977.

Ghatak ya mutu a Kalkata ranar 6 ga Fabrairu, 1976, yana da shekara 50.

Bayan mutuwarsa ne duniya ta waiwayo. A 2010 gidauniyar Martin Scorsese ta gyara Titash ta dawo da shi tas. A 2013 an yi fim a kan rayuwarsa da Bengali, aka sa masa suna Meghe Dhaka Tara, kuma a zamansa na asibitin nan aka gina labarin. A 2025 aka cika shekara 100 da haihuwarsa.

In za ku nema, ku fara da Meghe Dhaka Tara na 1960, sannan Komal Gandhar. Ku kalla da dare, waya a kan shiru. Masu burin yin fim da wayar hannu da abokai huɗu kuma, ga abin da na koya a wurinsa: rashin kuɗi bai hana shi ba, rashin kasuwa ma bai hana shi ba, abin da ya kayar da shi rashin kula da kansa ne. Ku ɗauki na farkon ku bar masa na ƙarshen. Kuma kada ku je nesa neman labari. Akwai wanda aka rasa a gidanku da har yau ba a ba da labarinsa ba.

Na kai wa Kawu Meghe Dhaka Tara ya kalla. Har aka gama bai ce daga ina aka ɗebo shi ba. Da Nita ta yi kururuwar nan sai ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Can ya kira sunan Yayarmu, ya ce mu yi mata addu'a. Muka ɗaga hannu mu biyu a falo.

In akwai Nita a gidanku kuma tana raye, yau ku tambaye ta jikinta, kuma kada ku yarda in ta ce gajiya ce. Allah Ya jiƙan namu da suka riga mu, Ya ba masu ciwo lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.